Nazarin ƙwayoyin gadon enzayim na bishiyar roba da kwamfuta: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai da masu bincike ke yawan maimaitawa idan sun zauna gaban kwamfuta za su fara aiki a kan bishiyar roba, Hevea brasiliensis. A nan ƙwayar gado na nufin yankin DNA mai ɗauke da umarnin ƙera furotin, enzayim furotin ne mai gudanar da wani aikin sinadari a cikin sel, jinom kuma shi ne tarin DNA ɗin bishiyar gaba ɗaya. Madarar roba ita ce farin ruwan da ke zuba idan an tsaga ɓawo.

1. Me wannan nazari yake iya bayarwa, me kuma ya fi ƙarfinsa?

Aikin shi ne a ɗauki jerin DNA da na furotin da aka riga aka karanta, a zaƙulo dukkan ƙwayoyin gadon da ke ƙera wani enzayim, a ƙirga su, a san mazauninsu a kuromosom, a gano nasabarsu da na wasu tsirrai, sannan a duba wanne daga cikinsu ke aiki a jijiyoyin madara. Bishiyar roba na ɗaukar shekara biyar zuwa bakwai kafin a fara tsagarta, samar da sabon iri ta hanyar barbara kuwa yakan ci shekara ashirin ko fiye. Duk abin da zai rage ƙwayoyin gado arba'in zuwa uku da suka cancanci a gwada, ya ceci shekaru.

Iyakarsa ke nan kuma. Kwamfuta tana ware waɗanda ake zato, ba ta tabbatar da aikinsu. Kamannin jeri ba ya nuna cewa enzayim yana yin abin da ɗan'uwansa ke yi, kuma misalin da ke tambaya ta 10 ya isa hujja.

2. Waɗanne enzayim aka fi bibiya a bishiyar roba?

Roba doguwar sarƙa ce ta sinadarin aisofirin, kuma tubalin da ake ginata da shi sunansa IPP. Hanyoyi biyu ke samar da shi. Ta farko hanyar mebalonet ce, a cikin ruwan sel, mai matakai shida: AACT ya haɗa asetil-CoA biyu, HMGS ya ƙara na uku, HMGR ya yi amfani da NADPH biyu ya fitar da mebalonet, MVK da PMK su ɗora fosfet, MVD ya kammala IPP. Kowane IPP ɗaya yana cin asetil-CoA uku, NADPH biyu da ATP uku. Ta biyu hanyar MEP ce, a cikin filastid, wato ɗan sashen sel ɗin tsiro irin kuloroflas, mai matakai bakwai da ke farawa da DXS da DXR. Hanyar mebalonet ce ake ɗauka a matsayin babbar mai ciyar da roba, shi ya sa HMGR ya fi kowa shan nazari.

Daga IPP sai enzayim irin su FPS su ƙera ɗan guntun da sarƙa za ta fara daga gare shi, sannan CPT ya riƙa jona IPP ɗaya bayan ɗaya a saman ƙwayoyin roba da ke yawo a madara. Tare da shi akwai REF da SRPP, waɗanda ba enzayim ba ne amma su ne furotin mafi yawa a jikin ƙwayar roba, kuma nazarin da ya bar su a waje gurgu ne.

Akwai wasu gidajen enzayim da ba na ƙera roba kai tsaye ba amma suna taɓa yawan amfani: inbatas da ke fasa sukuros domin a samu asetil-CoA, SOD, katalas da APX masu kare sel daga gubar iskar oksijin, waɗanda ake nazari saboda matsalar bushewar wurin tsaga, kitinas da gulukanas da ke cikin lutoyid (ƙananan jakunkunan da ke yawo a madara), masu hannu a kariya daga naman gwari, sai linamaras da HNL masu sakin sayanayid idan an ji wa ganye ciwo.

3. Jinom ɗin bishiyar roba ya fi ɗaya. Wanne zan ɗauka?

Na farko ya fito a 2013 daga Malesiya, na irin RRIM 600, kuma gutsattsari ne masu yawa, da ƙwayoyin gado 68,955 da aka yi hasashe. A 2016 masu bincike a Sin suka fitar da na Reyan7-33-97, mai girman gigabes 1.37 (bes biliyan 1.37, bes kuwa harafi ɗaya ne na DNA) da ƙwayoyin gado 43,792. A shekarar dai aka sake fitar da na RRIM 600 da adadin da ya haura 84,000. Na BPM 24 ya zo daga Tailan a 2017, na GT1 kuma a 2020, wanda aka jera shi a kan kuromosom 18. Bishiya ɗaya ce, amma adadin ya tashi daga dubu arba'in da 'yan kai zuwa dubu tamanin da 'yan kai. Wannan bambancin ya fito ne daga ingancin haɗa jinom da tsarin hasashe, ba daga bishiyar ba. Sama da kashi 70 cikin ɗari na jinom ɗin jeri ne mai maimaita kansa, shi ne ke wahalar da haɗawa.

Shawararmu: ka ɗauki wanda aka jera a kan kuromosom a matsayin tushe, ka riƙe na biyu domin tantancewa. Ka sauke fayil huɗu daga tushe ɗaya kuma sigar ɗaya: jinom, GFF3 (mai nuna wurin kowace ƙwayar gado a jinom), CDS (jerin DNA da ake fassarawa zuwa furotin) da furotin. Haɗa GFF3 na wata siga da jinom na wata shi ne kuskuren da ya fi ɓata aiki a ɓoye, domin babu saƙon gargaɗi da zai fito, lambobin wurare ne kawai za su nuna inda ba nan ba. Ka rubuta lambar sigar da ranar da ka sauke.

4. Ta yaya ake zaƙulo dukkan 'yan gida ɗaya ba tare da an bar wani ba?

Da raga biyu ake kamun. Ta farko BLASTP: ka ɗauki furotin da aka tabbatar da aikinsu a ɗan tsiron gwaji Arabidopsis, ka nema a furotin ɗin Hevea da iyakar E ta 1e-5. Ta biyu hmmsearch na HMMER da samfurin Pfam na gidan, wanda yanzu ake saukewa daga InterPro. Na HMGR shi ne PF00368, na CPT PF01255, na REF da SRPP PF05755, na gidan FPS da GGPS kuma PF00348. Idan ka sa zaɓin --cut_ga, manhajar za ta yi amfani da iyakar da masu kula da Pfam suka gindaya wa wannan gida, wadda ta fi iyaka ɗaya ga kowa.

Ka haɗa sakamakon biyun, ka cire maimaici, ka tura kowane jeri InterProScan ko CDD ka ga ko ɓangaren aikin ya cika. Wanda bai kai kashi 70 na tsawon samfurin ba, kada ka jefar da shi tukuna, ka ware shi gefe, tambaya ta 6 ta yi bayaninsa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa: TBLASTN a kan jinom ɗin kansa. BLASTP da HMMER suna ganin abin da mai hasashe ya riga ya sa wa suna ne kawai. Idan ya tsallake wata ƙwayar gado, ba za ta taɓa fitowa ba sai ka nemi furotin a cikin ɗanyen DNA. Duk inda TBLASTN ya kama wurin da babu komai a GFF3, ka yanko wurin da ƙarin bes 5,000 a kowane gefe ka sake hasashe da AUGUSTUS ko Exonerate.

5. Na samu 'yan gida goma sha ɗaya, wani ya samu bakwai, wani tara. Wa ke da gaskiya?

Abubuwa uku ke kumbura ƙidaya. Na farko sigogin furotin daga ƙwayar gado ɗaya: a fayilolin NCBI za ka ga X1, X2, X3, duk na wuri ɗaya ne, sai ka riƙe mafi tsawo ko wanda RNA ya fi goyon baya. Na biyu shi ne kwafin uwa da na uba. Bishiyar roba barbara take yi da wata, don haka kwafi biyun da ta gada sun sha bamban sosai, har manhajar haɗa jinom takan ɗauke su wurare biyu ne. Alamarsa ita ce kamanni ya kai kashi 98 ko 99 har cikin intiron (sassan ƙwayar gado da ake cirewa daga RNA, a bar ekson), maƙwabtan da ke hagu da dama iri ɗaya ne, ɗaya daga cikinsu yana kan ɗan guntun da ba a ɗora a kuromosom ba, kuma zurfin karatun DNA a wurin rabin na sauran jinom ne. Irin wannan ɗaya ake ƙirgawa.

Na uku kuwa tagwaye ne na gaskiya. Kakan bishiyar roba da rogo ya ninka jinom ɗinsa gaba ɗaya tun kafin su rabu, shi ya sa dukansu ke da kuromosom 36, kuma inda zurma ke da ƙwayar gado ɗaya sau da yawa Hevea na da biyu. Waɗannan tagwaye suna kan kuromosom dabam-dabam, ekson ɗinsu na kama da juna amma intiron ya yi nisa har ba ya daidaituwa. Su biyu ake ƙirgawa. Idan ka bi wannan tantancewa ka rubuta dalilin cire kowane jeri, adadinka zai tsaya ko da ya saɓa da na wani.

6. Wani furotin ya fito guntu, rabin 'yan'uwansa. Matacciyar ƙwayar gado ce?

Sau da yawa ba ita ba ce. Ka buɗe wurin a IGV tare da karatun RNA. Idan akwai jerin harafin N a tsakiya, giɓi ne a jinom. Idan guntaye biyu na kusa da juna, ɗaya da kan furotin ɗaya da wutsiyarsa, mai hasashe ne ya raba abu ɗaya gida biyu, yawanci saboda dogon intiron da jeri mai maimaici ya cika. Idan bes ɗaya ne ya ɓace a inda harafi ɗaya ya jeru sau shida ko bakwai, kuskuren na'urar karatu ne. Sai ka ga alamar tsayawa a wuri ɗaya a jinom biyu na iri dabam, kuma babu RNA da ke fitowa daga wurin, sannan ka kira ta matacciya. HMGR na tsiro yakan kai amino asid 570 zuwa 600, don haka mai 300 abin bincike ne kafin ya shiga tebur.

7. Alƙaluman ProtParam suna da wani amfani?

Nauyi da pI (matakin pH da furotin ba shi da caji) suna da amfani idan za ka je ɗakin gwaji, domin su za su gaya maka inda za ka nemi furotin a jel. REF na kusa da kilodalton 14.6, SRPP ya ɗan haura 20. Ma'aunin rashin ƙarko, wanda ake cewa sama da 40 furotin ba ya jurewa, an gina shi ne a kan 'yan tsirarun furotin, bai kamata a ɗora wata magana a kansa ba. GRAVY, ma'aunin ƙin ruwa, matsakaici ne na duk tsawon furotin, saboda haka HMGR zai iya fitowa kusa da sifiri alhali kansa na nutse a tantani. Ka sa su a tebur, ka wuce.

8. Yaya ake gane inda enzayim ke zaune a cikin sel?

TargetP na neman ɗan jerin da ke kai furotin filastid ko mitokondiriya, DeepTMHMM kuma na ƙirga sassan da ke ratsa tantani. Abin da ake sa ran gani sananne ne: enzayim bakwai na hanyar MEP su fito da alamar filastid, HMGR ya fito da sassa biyu masu ratsa tantanin ER (ragar tantani da ke cikin sel) a farkonsa. DXS da ba shi da alamar filastid, a mafi yawan lokuta an yanke masa kai ne wajen hasashe, sai ka koma tambaya ta 6.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji da aka koya wa sanin ƙwayar roba ko lutoyid. Ƙwayar roba tantaninta falle ɗaya ne, ba biyu ba kamar sauran sassan sel, kuma REF da SRPP na manne da ita ba tare da alamar da manhajojin suka sani ba. WoLF PSORT zai ba ka amsa duk da haka, ya ce ruwan sel ko kuloroflas. Wannan amsar ba ta da nauyi a kan shaidar furotin da aka ciro daga wankakkun ƙwayoyin roba.

9. Yaya ake gina taswirar nasaba da za a iya dogara da ita?

Ka sa Hevea, rogo, zurma da cini-da-zugu, domin duk dangi ɗaya ne na Euphorbiaceae, sannan Arabidopsis saboda a nan aka fi sanin aikin kowace ƙwayar gado. Idan batun CPT ne, ka ƙara tsirran da ke yin roba daga wani dangi, wato Taraxacum kok-saghyz, gwayule da latas. Ka daidaita sahun furotin da MAFFT, ka buɗe sakamakon ka duba da idonka, ka datse wuraren da suka watse da trimAl, sannan IQ-TREE ya zaɓi samfurin da ya dace ya yi maimaici 1,000. A irin maimaicin gaggawa na IQ-TREE, reshen da ya kai 95 ne ake amincewa da shi, ba 70 na tsohuwar hanya ba.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Ɗaya barin jerin kai furotin filastid a cikin sahu, wanda ke canzawa da sauri har ya haɗa baƙi wuri ɗaya. Ɗayan kuma cusa guntayen furotin, waɗanda ke fitowa da dogon reshe su ja wasu zuwa inda ba gidansu ba. Taswira mai lafiya tana da siffar da za ka gane: biyu na Hevea da biyu na rogo, kowane ɗaya da abokinsa, sai ɗaya na zurma a gindinsu. Inda ka ga Hevea ta tara biyar ko shida ita kaɗai a reshe guda, nan ne wurin tsayawa a duba da kyau.

10. Duk ƙwayar gadon da ke da ɓangaren CPT roba take ƙerawa?

A'a, kuma wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci a shafin nan. Kowane tsiro, haka ma yis da ɗan Adam, yana da CPT, domin da shi ake ƙera dolikol, gajeriyar sarƙar da sel ke bukata wajen ɗora sukari a kan furotin. Dolikol tubali goma sha wani abu ne zuwa ashirin da 'yan kai, roba kuwa dubbai, nauyinta kan haura dalton miliyan ɗaya. Jerin amino asid na enzayim ɗin biyu na da yankuna biyar ɗin nan da aka san CPT da su, kuma babu wata alama a jerin da za ta ce wannan na roba ne.

An ciro CPT biyu, HRT1 da HRT2, daga madarar Hevea tun 2003. Da aka sa su cikin yis ko bakteriya, gajerun sarƙoƙi suka bayar. Sai a 2016 masu bincike a Japan suka ƙera HRT1 a cikin ruwan tsiron alkama tare da wankakkun ƙwayoyin roba, ya zauna a kansu, sannan ya fitar da doguwar sarƙa. Aikin ya kuma nuna wani furotin mai suna HRBP da ke haɗa HRT1 da REF. Ma'ana tsawon sarƙa ya dogara da wurin zama da abokan aiki, abin da BLAST ba ya gani.

A aikace, ka raba gidan uku a taswirar nasaba: masu zama a filastid, masu bukatar abokin aiki, da abokan aikin kansu irin HRBP, waɗanda ke kama da CPT amma sun rasa yawancin wurin aiki, suna da ɗan jerin RXG a wutsiya. Kada kuma ka nemi DDXXD a CPT, wannan alamar gidan FPS ce. Daga nan sai tambaya ta 12 ta nuna wanne ne ke da ƙarfi a madara.

11. Na samu alamomin jasmonet da etilin da yawa a furomota. Hujja ce?

Furomota ita ce yankin DNA da ke gaban ƙwayar gado mai kunna ta. Ka yi lissafi kafin ka yi murna. Alamar jasmonet da PlantCARE ke nunawa, CGTCA, haruffa biyar ce. Haɗuwar haruffa biyar daga huɗu iri 1,024 ce, don haka a bes 2,000 ana sa ran ganinta kusan sau biyu a kowane zare ko da jerin kara-zube ne. Ƙari a kan haka, TGACG ita ce CGTCA idan an karanta ta ɗaya zaren, amma ana lissafa su dabam, sai wuri ɗaya ya zama biyu a tebur. Abin da ke da ma'ana shi ne alama ta fi yawa a gidanka idan an kwatanta da furomota ɗari ko dubu da aka zaɓa kara-zube daga jinom ɗin, ko ta tsaya a wuri ɗaya a Hevea da rogo.

Tambayar kanta mai kyau ce, domin jasmonet na sa bishiya ta ƙera sababbin jijiyoyin madara, kuma etefon da ake shafawa a ɓawo etilin yake saki. Sai dai a kula wajen yanko jerin: ƙwayar gadon da ke kan zaren debe, furomotarta na bayan lambar ƙarshe ne, kuma sai an juya jerin. GFF3 na fara ƙirga daga 1, BED daga 0. Bayan ka yanko, ka ƙara bes uku ka tabbatar ATG ne ya biyo baya.

12. Yaya zan yi amfani da bayanan RNA da ke rumbun SRA na intanet?

Ka nemi na madara, ɓawo, ganye, saiwa da fure. Ka tace da fastp, ka ɗora a jinom da HISAT2 ko STAR ka ƙirga da featureCounts, ko ka yi amfani da Salmon kai tsaye. TPM, wato kason kowace ƙwayar gado a cikin miliyan ɗaya na RNA, na zane ne, DESeq2 kuwa ɗanyen ƙidaya yake so. Ana bukatar aƙalla bishiyoyi uku dabam a kowane rukuni, kofi uku daga bishiya ɗaya maimaici ɗaya ne.

Madara ba kamar sauran sassa take ba. Ruwan sel ne na jijiya iri ɗaya tak, kuma 'yan tsirarun ƙwayoyin gado irin su REF, SRPP da hebein sun cinye kaso mai yawa na RNA ɗinta. Wannan na danne TPM na kowa, har enzayim mai aiki sosai ya yi kama da mai rauni idan an jera shi da ganye. Ka duba matsayinsa a tsakanin 'yan gidansu a cikin madarar. A gidaje da yawa za ka tarar ɗaya ne ya ɗauke kusan duka nauyin, kamar HMGR1, wanda tun farkon shekarun 1990 aka nuna ya fi ƙarfi a jijiyoyin madara, HMGR3 kuma yana ko'ina daidai wa daida. Ga tagwaye masu kamanni sosai, featureCounts kan watsar da karatun da ya dace da wuri biyu, sai su fito kamar ba sa aiki. Salmon ya fi iya raba irin wannan.

Ka karanta bayanin samfur da kyau. Tsaga kanta rauni ce, bishiyar da aka saba tsagawa ba ɗaya take da sabuwa ba. Idan bayan etefon ka ga enzayim ɗin ƙera roba ba su motsa sosai ba, ba lallai kuskure ba ne, domin babban ɓangare na ƙarin amfanin yana zuwa ne daga tsawaita zubar madara da ƙarin shigar sukuros da ruwa cikin jijiya.

13. Me Ka/Ks ke faɗa, kuma yaya ake gane irin ninkin da ya faru?

MCScanX na neman jerin maƙwabta aƙalla biyar da suka yi daidai a wurare biyu, don haka sai da jinom mai kuromosom. Shi zai raba tagwayen tsohon ninki da waɗanda suka jeru kusa da juna. Gidan REF da SRPP misali ne na masu jeruwa kusa da juna: jinom na 2016 ya nuna 18, kuma yawancinsu na cunkushe a yanki ɗaya.

Ka shi ne yawan canjin bes da ke sauya amino asid, Ks kuma wanda ba ya sauyawa. Wajen Ka/Ks, ka daidaita furotin tukuna, ka mayar da sahun zuwa kodon da PAL2NAL, sannan KaKs_Calculator. Kusan kowane enzayim zai fito ƙasa da 1, wannan ba labari ba ne. Sama da 1 kuma, kafin ka ce zaɓin yanayi ne, ka duba Ks: idan ya kusa sifiri, kwafin uwa da uba kake kwatantawa, tambaya ta 5 ke nan. Ks da ya haura 2 ya cika ya batse, ba a fitar da shekaru daga gare shi.

14. Siffar da AlphaFold ya bayar ta isa a gwada zaman sinadari a aljihun enzayim?

Da sharuɗɗa. Ka duba pLDDT, makin da AlphaFold ke ba kowane sashe na siffar: sama da 90 abin dogaro ne, ƙasa da 50 ka yanke shi. Sannan ka tuna yawancin waɗannan enzayim ba su aiki su kaɗai. Aljihun HMGR na tsakanin furotin biyu ne, wanda ya gwada a kan ɗaya ya gwada a rabin aljihu. CPT na bukatar maganiziyom da abokin aikinsa, kuma siffar da aka sauke daga rumbun AlphaFold ba ta zuwa da ko ɗaya. An warware siffar takwaransa na ɗan Adam, DHDDS tare da NgBR, a 2020, ita ce madubin da za ka ɗora naka a kai ka ga inda ƙarfen da sinadarin ke zama.

Kafin ka yarda da AutoDock Vina, ka cire sinadari daga wata siffa da aka warware a gwaji ka sa manhajar ta mayar da shi. Idan ta kauce fiye da angistirom 2, saitinka ne ke da matsala. Kuskuren makin Vina ya kai kilokalori 2 zuwa 3, saboda haka bambancin -7.1 da -7.6 ba ya nuna wanda ya fi.

15. Wace irin kwamfuta ake bukata?

Daga tambaya ta 4 zuwa ta 11, kwamfutar cinya mai RAM gigabait 8 ta wadatar, TBtools kuma na yin yawancin zane ba tare da rubuta umarni ba. RNA ne ke cin wuri: STAR zai so gigabait 16 ko fiye ga jinom mai wannan girma, Salmon ya fi sauƙi. Wanda ba shi da babbar na'ura yana iya yin aikin a Galaxy ta intanet.

16. Bayan kwamfuta ta ware biyu ko uku, wane gwaji ke biye?

Da farko a tabbatar jerin na nan: a ciro RNA daga madara, a kwafo cikakken CDS, a karanta da hanyar Sanger, a kwatanta da hasashe. Sai qPCR, da furaima da aka ɗora a wutsiyar da ba a fassarawa, inda tagwaye suka fi bambanta, tsawon abin da za a kwafa bes 80 zuwa 200, inganci tsakanin kashi 90 da 110, da tsauni ɗaya a gwajin narkewa. Aktin da 18S, waɗanda aka saba ɗauka ma'aunin kwatance, kan yi rawa a madara bayan tsaga ko etefon, shi ya sa masu aikin Hevea ke yawan amfani da RH2b da YLS8, kuma gara a haɗa biyu.

Sanya sabuwar ƙwayar gado a bishiyar roba kanta aiki ne mai tsawo da ke yiwuwa a 'yan iri kaɗan, don haka ake aro wasu halittu. Mazaunin furotin ana ganinsa da GFP a ganyen Nicotiana benthamiana. HMGR ana gwada shi a yis da aka kashe wa HMG1 da HMG2, wanda ba ya girma sai an ba shi mebalonet, ko a yanke sassan tantani a ƙera sauran a bakteriya a auna raguwar NADPH a nanomita 340. CPT ana gwada shi a yis da ya rasa RER2 da SRT1, amma girman yis ɗin dolikol kawai ya tabbatar. Kafin a ce roba ce, sai an haɗa enzayim da wankakkun ƙwayoyin roba, da FPP, wato guntun farawa da FPS ke ƙerawa, da maganiziyom, da IPP mai alamar kabon-14, sannan a auna tsawon sarƙar da ta fito da GPC, hanyar da ke raba sarƙoƙi gwargwadon girmansu.